Layin da Na Rubuta a Manhajar Rigakafi

Kwana biyu bayan na yi arba'in saƙon ya shigo wayata. Ina zaune a tsakar gidan mahaifiyata, ƙarƙashin mangwaro, ina tsince wake a faranti. Na goge hannu a zanina na duba. An rubuta: "Barka da warhaka. Jaririnki ya cika sati shida. A kawo shi allurar rigakafi ranar Talata da safe."

Jaririn nan kwana biyu ya yi a duniya. Namiji ne. An yi masa huɗuba, ba a kai ga ranar suna ba. Ina kwance a gadon asibiti aka kai shi makabarta, maigidana ne ya dawo da ƙasa a gefen wandonsa ya ce mini an gama. Daga nan aka wuce da ni gida wankan jego, domin Inna ta ce jiki bai san an yi rashi ba, sai an gasa shi kamar na kowace mai jego. Haka na yi kwana arba'in ina shiga ruwan zafi safe da yamma, ina shan kunun kanwa, nono yana zuba a banza har ya gaji ya ƙafe.

Na karanta saƙon sau biyu. Ban yi kuka ba, gabana ma bai faɗi ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne na san wannan jimlar, domin ni na rubuta ta. Har na tuna ranar da na tsaya ina shawarar ko in sa "barka da warhaka" ko in sa "salamu alaikum", na zaɓi na farkon saboda matan da ke zuwa asibitocin ba duka ne Musulmi ba.

Inna ta fito daga kicin ta ce, "Wa ke nemanki?"

Na ce, "Wurin aiki ne."

Ta ce, "Su ma dai. Ba su san halin da ake ciki ba ne?"

Na ajiye wayar na ci gaba da tsince wake.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne. Mu uku ne a wani ɗan ofis a saman bene cikin garin Lafia, ƙasanmu shagon masu ɗinkin labule ne, duk yini muna jin ƙarar kekunansu. Akwai Oga, mai ofishin, mutumin Obi ne, ya yi shekaru yana wannan aiki a Legas kafin ya dawo gida. Akwai wani abokin aikinmu mai zagaya wuraren da ake amfani da manhajarmu yana gyara musu kwamfutoci, shi bai cika zama ba. Sai ni. Babban aikinmu a lokacin wata manhaja ce da ƙananan asibitoci masu zaman kansu ke rubuta sunayen mata masu ciki a ciki, ita kuma tana tura musu saƙon waya idan ranar awo ta zo, bayan haihuwa kuma ta riƙa tuna musu ranakun rigakafi. Akwai masu amfani da ita a Lafia, akwai a Agyaragu da Obi. A ɗaya daga cikinsu na yi awo, da hannuna na ba ma'aikaciyar lambar wayata, har ina yi mata dariya ina cewa yau zan ɗanɗana girkina.

Abin da muke rubutawa kod ake ce masa, wato umarnin da ake ba kwamfuta layi bayan layi. A tsakanin layukan mai rubutu yana iya saka bayani don ɗan'uwansa mutum da zai karanta daga baya. Wannan shi ne kwament. Kwamfuta ba ta kula shi, tsallake shi take yi. Ni kuwa tun a makaranta na saba da rubutu a gajarce: in kira abu da harafi ɗaya, in ba kowane hali lamba, sannan in zuba dogon kwament a sama ina fassara su. Ina alfahari da kwament ɗina. Tsaf nake rubuta su, da waƙafi da aya.

Oga bai taɓa son wannan ɗabi'a tawa ba. Hausarsa irin ta kasuwar Lafia ce, ba ya raba "ka" da "ki", kowa "ka" ne a bakinsa. Yakan tsaya a bayana, hannu a aljihu, ya ce, "Madam, wannan *s* ɗin mene ne?"

In ce, "Oga ai ga shi na yi bayani a sama. Halin da mace take ciki ne."

Ya ce, "To me ya hana ka kira shi halin da mace take ciki? Ana sayar da haruffa ne? Gobe za ka canja kod, ka manta kwament. Kwamfuta zai bi kod, mutum zai bi kwament, kowa ya kama hanyarsa."

In ce to, in gyara guda biyu don ya bar bayana, sauran in bar su yadda suke. Aiki yana tafiya, asibitoci ba su kawo ƙara ba, shi ma yana da nasa aikin.

Washegarin zuwan saƙon na ce wa maigidana zan koma aiki. Ya zo gaishe da Inna ne bayan an tashi daga makarantar da yake koyarwa. Ya ce, "Ki bari wata ya ƙare mana. Oganku ai ya ce ki huta."

Na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya daɗe yana kallon fuskar wayar har ta yi duhu. Sannan ya ce, "Innalillahi. Su wane ne marasa imanin nan?"

Na ce, "Ni ce."

Bai gane ba sai da na yi masa bayani. Da ya gane bai ƙara cewa in zauna ba. Ranar Litinin da kansa ya sauke ni a ƙofar ofis a kan babur.

Masu ɗinkin labule suka tsayar da kekunansu suka yi mini gaisuwa, na amsa. Na hau bene. Oga ya miƙe tsaye da ya gan ni, ya ce, "Madam, sori. Allah ya ba da haƙuri." Sai ya shiga matsar da kujerata daga inda take zuwa inda take. Teburina yana nan yadda na bar shi, har kofin da nake shan ruwa, an dai wanke shi an kife.

Na nuna masa saƙon. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, "Ba zai yiwu ba. Akwai layin da ya hana wannan. Na gan shi da idona."

Na ce, "Ni ma na san da shi."

Na kunna kwamfuta na buɗe wurin da ake yanke hukuncin wa za a tura wa saƙo. Ga kwament ɗina a sama, tsaf kamar yadda na bar shi shekara biyu da suka wuce. Ya ce ɗaya na nufin mai ciki, biyu na nufin ta haihu, uku na nufin jariri ya rasu, kada a tura mata komai. A ƙasansa layi ɗaya: idan *s* ba uku ba ne, a tura. Na karanta, babu kuskure. Oga ya sunkuyo ya karanta, ya ce babu kuskure.

Sai na nemo sunana a cikin jerin matan asibitin da na haihu. Na gan shi, ga shekaruna, ga lambar wayata, ga ranar haihuwa. A gaban *s* an rubuta huɗu.

Na daɗe ina kallon huɗun nan kafin na tuna. Wajen shekara guda kafin nan, wata shugabar ma'aikatan jinya a Agyaragu ta roƙi a ƙara mata wurin rubuta matan da aka tura babban asibiti saboda haihuwa ta zo da gardama. Ni aka ba aikin. A fom ɗin da ma'aikata ke cikawa na ga ya fi kyau "an tura ta babban asibiti" ya zo kafin "jariri ya rasu", sai na ba sabon halin lamba uku, na matsar da rasuwa zuwa huɗu. Na gyara kwament ɗin da ke wancan fayil ɗin, na ji daɗin kaina. Wannan na wurin tura saƙo kuwa ko leƙa shi ban yi ba. Idan ma na leƙa, to kwament ɗin na karanta, ya ce mini komai lafiya.

Na faɗa wa Oga haka da muryar da nake faɗa masa man janareta ya ƙare. Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "Sau biyu na duba wannan wurin a bana. Sau biyu. Kwament na karanta, ban karanta kod ba."

Sai kuma ya ɗago ya ce, "Tsaya. Su masu lamba uku fa?"

Shi ya riga ni ganin ɗaya rabin ɓarnar. Matan da aka tura babban asibiti suka haihu lafiya, suka dawo gida da 'ya'yansu a raye, su ne manhajar ta ɗauka a matsayin waɗanda suka yi rashi. Shekara guda ba ta tura musu ko saƙo ɗaya ba. Masu rashi kuma tana bin su da tuni a sati shida, da sati goma, da sati sha huɗu, har wata tara.

Na fitar da jerin sunayen ɓangarorin biyu. Ba su da yawan da za su cika shafi, amma sun fi ƙarfin yatsun hannu. Sunana ne na ƙarshe a jerin masu rashi. Na duba shi kamar sunan wata da muka yi firamare tare.

Gyaran kansa bai kai minti ɗaya ba. Na goge uku na rubuta huɗu, Oga ya duba, muka tura wa asibitocin kafin azahar. Abokin aikinmu ya ɗauki jerin masu 'ya'ya a raye ya bi asibitocin da shi, don a kira su ɗaya bayan ɗaya a ji ko sun kai yaran allura. Oga ya ce mini, "Shi ke nan, ka tafi gida ka huta."

Na ce akwai sauran aiki. Ya ce wane? Na ce ina so in cire lambobin gaba ɗaya.

Sati uku na yi ina wannan. In zo da safe, in zauna, in bi manhajar fayil bayan fayil. Duk inda na ga harafi ɗaya tsaye a madadin abu, in ba shi cikakken sunansa. Da Turanci muke rubuta sunayen, amma ma'anarsu ke nan: *s* ya koma "halin da uwa take ciki", *d* ya koma "ranar haihuwa", wani *d* ɗin da ke wani wuri ashe "ranar allura ta gaba" ne. Lambobin suka koma kalmomi, a wuri guda tak aka jera su, kowane fayil daga can yake ɗauka. Layin nan da a da yake cewa idan *s* ba uku ba ne, ya koma yana cewa: idan jariri yana raye, a tura tunin rigakafi. Duk sanda sunan ya faɗi abin da kwament ke faɗa, sai in goge kwament ɗin. Na goge da yawa. Wasu da na tsaya na karanta kafin in goge, na tarar sun daɗe da daina faɗar gaskiya, ba wanda ya lura.

Kalmar "ya rasu" na rubuta ta a makonnin nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Yatsuna suka saba da ita kamar kowace kalma. Wani lokaci Oga yakan leƙo ya ga abin da ke fuskar kwamfutata, ya ce ko in bar masa wannan ɓangaren. In ce a'a, ba ya damuna. Gaskiya nake faɗa masa, kuma na ga kamar gaskiyar ta fi tayar masa da hankali. Ina cin abinci idan an ajiye mini. Ina amsa gaisuwa. Da la'asar maigidana ya zo ya ɗauke ni, a hanya ya riƙa ba ni labarin ɗalibansa, ina cewa "uhm" a inda ya kamata.

Kwament ɗaya na bari da gangan. A wurin da aka sa saƙonni su fita da yamma maimakon safe, na rubuta cewa yawancin lambobin na mazajen ne, kuma sai sun dawo daga gona wayar take shiga gida. Oga ya karanta ya ce, "Wannan ka bar shi. Kod ba zai iya faɗin dalili ba. Abin da yake yi kawai zai faɗa."

Da na gama, na ce zan je Agyaragu in yi wa shugabar ma'aikatan jinyar bayani da bakina, tunda yawancin sunayen daga wurinta suke. Oga ya ce waya ta isa. Na ce zan je. Na shiga mota a tasha ranar wata Alhamis, damina ta kankama, kunyoyin doya sun yi kore a dama da hagu har inda ido ya tsaya. Matar da ke kusa da ni tana riƙe da kaji biyu a cinya.

Shugabar babbar mace ce mai furfura a goshi, kowa Sista yake ce mata. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Wani mutum ya taɓa zuwa nan da wayarsa, ransa a ɓace, ya ce mu daina turo masa saƙo. Na ce masa kamfanin waya ne. Wallahi haka na zata." Ta dube ni da kyau ta ce, "Ke ce kika yi rashin kwanan nan, ko? An faɗa mini. Sannu, 'yata."

Na ce yauwa. Na ce ko akwai wadda zan iya gani a cikinsu, in ba ta haƙuri.

Ta ce akwai ɗaya a nan kusa, bayan kasuwar doya. Ta yafa gyale ta raka ni da ƙafa.

Mun same ta a ƙofar ɗaki tana ɓare agushi a tire. Ba za ta wuce sa'ata ba. Ta ba mu benci, ita ta zauna a ƙasa. Sista ta yi mata bayanin ko ni wace ce da yarensu, sannan muka koma Hausa. Na ce mata saƙonnin da suka riƙa shigo mata bayan rasuwar 'yarta kuskure ne, kuma ni na yi kuskuren, ba asibiti ba. Na ce ta yi haƙuri.

Ba ta daina ɓare agushin ba. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba. Maigida ne yake karantawa. Na farko bai gaya mini ba. Na biyu na ga fuskarsa, na ce mene ne, ya gaya mini."

Na ce, "Sannu."

Ta ce, "Na yi kuka ranar. Na uku ban yi ba. Na ce masa in ya zo ya riƙa gaya mini. Da na wata tara ya zo, na ce ashe da yanzu tana rarrafe." Ta watsa ɓawon a gefe. "Akwai wani zai zo?"

Na ce, "Babu. An gyara."

Ta ce, "To."

Sista ta ce mata ni ma na rasa nawa, wata biyu ke nan. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni sosai. Ta ce, "Namiji ko mace?" Na ce namiji. Ta ce, "Na fari?" Na ce e. Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da leda, ta ɗebi agushin da ta ɓare ta ƙulla mini. Na ce ta bar shi, ta ce in kai wa mamana. Na karɓa na yi godiya. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, na ji dai zafin benci da rana ta gasa, da ƙudan da ke sauka a ƙafata.

A hanyar komawa asibiti Sista ta ce tunda na zo, akwai abin da ya daɗe yana ba su wahala. Ta ce, "In mace ta haifi tagwaye, ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya, me za mu danna? In mun danna rasuwa, mai ran ba zai samu tuni ba. In mun danna ta haihu, kamar mun ce ba abin da ya faru. Yanzu haka ina da mata biyu a wannan hali."

Na tsaya a bakin hanya na rubuta a bayan takardar da ke hannuna. Ban taɓa tunanin wannan ba. Tun farko na gina manhajar a kan uwa ɗaya, hali ɗaya, kamar rai da mutuwa na uwar ne.

Washegari na kai wa Oga maganar. Muka zauna a gaban allo tun safe. Ya ce a ƙara hali na biyar, a kira shi "tagwaye, ɗaya ya rasu". Na ce in 'yan uku ne fa? Ya ce gaskiya ne. Muka raba abin gida biyu: uwa da nata bayanin, kowane jariri da nasa layin, da ranar haihuwarsa, da ko yana raye. Tunin rigakafi ya koma bin jariri, ba uwa ba. Mun ɓata kusan awa guda a kan sunan abu ɗaya, jerin 'ya'yan da za a tuna wa iyayensu, yana kawo suna ina cewa ya yi tsawo, ina kawowa yana cewa bai faɗi komai ba. A ƙarshe muka tsaya a kan "jarirai masu rai da allurarsu ta kusa". Ya yi tsawo, muka bar shi haka.

Aikin ya ci kwana tara. Da muka tura, Sista ta kira ta ce ta shigar da matan nan biyu masu tagwaye, kowane jariri a layinsa, kuma saƙon ya je wa iyayen daidai. Ta tambayi jikina, na ce da sauƙi. Ta ce in riƙa cin abinci. Na ce to, na ajiye wayar, na buɗe fayil na gaba, na wata makarantar firamare da ke son a gyara mata jadawalin jarrabawa.